Na je Karkanda da rigar Pillars a ƙasan jaka

Tun ranar da aka fitar da jadawalin wasannin kaka na sa ido a kan ranar da Kano Pillars za ta je Katsina ta kara da Katsina United. Mahaifina Bakano ne, mahaifiyata Bakatsiniya, saboda haka a gidanmu wannan wasa tun daga tsakar gida ake fara buga shi. Ɗan kawuna, wanda sa'ana ne kuma abokin wasana, ya daɗe yana yi mini gori a waya cewa mu Kanawa a filinmu na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kawai bakinmu yake buɗewa, babu mai zuciyar da zai taka Karkanda, filin wasan Katsina. Na ce masa in da rai da lafiya zai gan ni. 'Yan majalisarmu sun yi ta hana ni, kuma da hujjarsu, domin ko shugabannin magoya baya sukan ba da shawarar kada a bi ƙungiya zuwa irin wannan wasa. Na ce musu gidan kawuna zan je, wanda ya hana ni zumunci sai ya faɗi dalili.

Mahaifiyata ba ta hana ba. Ta haɗa mini saƙo, turmin atamfa na matar Kawu da turaren wuta, sannan ta dube ni ta ce, "Rigar nan taka mai ruwan ɗorawa, ka bar ta a gida." Na amsa da to. Da na shiga ɗaki na ɗauke ta zan mayar cikin akwati, sai na ji ba zan iya ba. Shekara da shekaru ban taɓa kallon Pillars ba tare da ita ba. Na ninke ta na sa a can ƙasan jaka, na ɗora atamfar a kai.

Ranar Asabar da hantsi na isa tashar Ƙofar Ruwa. Na samu Sharon saura mutum biyu, na biya naira 6,000, aka ba ni kujerar tsakiya kusa da taga. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, kowa ya shafa mai ya rufe kunne. Mun ɗan daɗe a Dawanau saboda manyan motocin da ke lodin hatsi da riɗi sun cinye rabin titi. Daga nan hanya ta buɗe. Tsakanin Kano da Katsina wajen kilomita 170 ne, kuma aikin mayar da hanyar tagwaye da aka shafe shekaru ana yi ya sa wani wurin ka ji kamar a kan tabarma kake tafiya, wani wurin kuma a karkatar da ku zuwa hannu ɗaya ku yi ta kallon-kallo da tirela.

Ba mu kai Bichi ba hira ta koma ƙwallo, kuma direba ne ya tayar da ita. Bakatsine ne, ya ce gobe ba zai yi lodi ba ko nawa za a ba shi, domin akwai baƙin da za su karɓa a Karkanda. Wani saurayi ɗalibi da ke bayana ya ce shi bai ga abin kallo a ƙwallon gida ba, tun kafin a busa usur an san mai masaukin baƙi ne zai ci. Ya jero 'yan wasan Chelsea har da na benci, amma da aka tambaye shi mai tsaron ragar Pillars ko na Katsina United sai ya yi shiru. Wannan ya taɓa wani dattijo da ke gaba kusa da direba. Ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Yaro, kafin a haifi ubanka muke cika fili a ƙasar nan." Ya ce shi ɗan Raccah Rovers ne, ƙungiyar Kano da ta ɗauki kofin ƙasa a 1978, kuma a shekarar nan yana cikin waɗanda suka hau mota zuwa Kaduna suka ga Pele na Brazil da idonsu yana bugawa da Raccah. A wurinsa Pillars ma yarinya ce, tunda sai a 1990 aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da ita. Ya ce bayan Raccah ta mutu ya yi shekaru ba ya shiga fili, sai da 'ya'yansa suka ja shi.

A nan na kasa yin shiru. Na ce yarinyar nan dai ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta zo ta yi mana 2 da 1. Direba ya kalle ni ta madubi ya yi murmushi, ya ce, "Ashe da Bakano a motar. To Malam, wannan shekara goma sha biyun ai ita ce shaidarmu. Wane alƙalin wasa ne zai bari a ci ku a Ƙofar Mata ya fita lafiya?" Na ji maganar har cikin raina, domin abin da nake alfahari da shi tun ina saurayi shi ne wani ya ɗauka ya mayar abin zargi. Na ce masa to a 2009 da muka fitar da Al Ahly daga gasar zakarun Afirka, aka yi 2 da 2 a birnin Alƙahira, 'yan Ƙofar Mata ne suka bi alƙalin har Masar? Ya ce wannan kam ya sallama, a shekarar nan shi ma Pillars ya goya wa baya, domin a waje duk Arewa ɗaya ce. Dattijon ya ce, "Kun ji ko? Sai an fita waje kuke tuna ku 'yan'uwa ne."

Bayan Tsanyawa aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Jami'in da ya duba tawa dogo ne, Hausarsa ta barikin soja. Ya ɗaga atamfa, sai ga rigar. Ya zaro ta ya warware a bainar jama'a, kore da ruwan ɗorawa suna ɗaukar ido a cikin hazo. Ya dube ni, ya ɗaga yatsu uku, ya ce, "Asaba." Ba sai ya ƙara komai ba. Mutumin Inugu ne, ɗan Rangers. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba mun ci Rangers uku babu ko ɗaya, muna gidan kallo a unguwa har an fara shirin zagaya gari da babura, suka farke duka ukun, suka kuma cinye mu a bugun fenariti. Ban taɓa jin Kano ta yi tsit irin na daren nan ba. Na ce masa ai shekarar da ta biyo baya mun ɗauko kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes. Ya ce ya sani, amma ba a hannunsu muka karɓa ba. Ya ninke rigar da kansa, ninki mai kyau irin na masu kaki, ya mayar ƙarƙashin atamfar, ya ce in gaishe da Katsina. Da muka koma mota direba ya rage murya ya ce, "Don Allah Malam, gobe kada ka sa ta." Yadda ya faɗa ba irin muryar da ya yi gardama da ita ba ce.

Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Charanci duk mun wuce su ba wani labari, sai tsayawa ɗaya da muka yi aka sayi rake da dafaffen ƙwai. Kusan awa uku muka yi kafin mu shiga Katsina ta wajen Ƙofar Ƙaura.

Abin da ya fara yi mini daɗi shi ne acaɓa. A Kano tun 2013 aka hana haya da babur, mun saba da jiran adaidaita sahu ta cika. A nan kuwa ina sauka na ɗaga hannu, naira 500 har ƙofar gidan Kawu a cikin gari. Katsina ba ta da hayaniyar Kano. Tituna a buɗe, mutane ba sa gudu, mai shago yana da lokacin da zai amsa gaisuwa har ƙarshenta. Kawu yana zaune a zaure da carbi, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi ƙanwarsa da kowa da kowa, sannan ya ce, "To ɗana, zumunci ya kawo ka ko ƙwallo?" Na ce duka biyun, Kawu. Ya ce Allah ya sa na farkon ya fi nauyi. Aka sauke ni a shagon ɗan kawuna da ke jikin zaure, katifa biyu da fanka da hotunan 'yan wasan Katsina United a bango. Inna ta aiko da tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da kwanon fura mai sanyi wadda aka dama da kindirmo. Furar Katsina ta fi tamu yaji da kauri, in ka sha rabin kwano sai ka nemi wurin kishingiɗa.

Bayan sallar isha'i ɗan kawuna ya ja ni teburin mai shayin da suke zama. Tun daga nesa ya ɗaga murya, "Ga Bakanon nan na kawo maku!" Aka yi mini wuri a tsakiyar benci, aka haɗa mini shayi da burodi da ƙwai, aka hana ni biya. Sai da na ci na ƙoshi sannan suka buɗe mini wuta.

Babban abin da ke ransu shi ne abin da ya faru a watan Afrilun 2022, ranar da Katsina United ta zo Kano, wasa ya watse ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar 'yan wasansu. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars, ta kuma mayar da wasanninmu na gida Abuja. Wani mai gyaran waya a cikinsu ya ce, "Mi muka yi maku? Baƙo ya zo gidanka ka fasa mashi mota?" Na so in ce su ma an sha kai ƙararsu, na so in lissafo ranakun da 'yan wasanmu suka fita daga wasu filaye a cikin motar 'yan sanda. Amma ina Kano a ranar, na ga hotunan motar, kuma na san kunyar da ta kama duk wani mai hankali a cikinmu. Na ce musu abin da aka yi bai dace ba, kuma mu muka fi kowa biyan kuɗinsa. A ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa ƙaramar gasa, ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Sai wani ya ce, "Ai tare muka faɗa." Haka ne kuwa. Tare muka sauka a 2022, tare muka hauro a 2023. Aka ɗan yi shiru a teburin, irin shirun mutanen da suka taɓa kwana a asibiti ɗaya.

Mai shayin, wanda tun da aka fara bai ce komai ba, shi ya faɗi maganar da ta fi zauna mini. Ya ce su sun san ba su da kofin ƙasa ko ɗaya, sun san Pillars ta girme su a wannan fage. "Amma in muka ci ku, to kakar ta yi kyau, ko da na goma sha biyar muka ƙare." Na yi tunani a kan namu ɓangaren. Mu a baki mukan ce abokan hamayyarmu su ne Enyimba da Rangers, masu kofuna irinmu. Amma in Enyimba ta ci mu, mutumin Aba yana can nesa. In Katsina ta ci mu, ranar Litinin Bakatsine zai shigo Kantin Kwari sayen kaya, ya zauna a bencinka, ya sha ruwanka, ya tambaye ka yaya aka ji da haƙuri. Ga surukai, ga abokan ciniki, ga 'yan ɗakinku na makaranta. Ciwon na kusa ne, shi ya sa ya fi zafi.

Da safe na ba Kawu labarin hirar. Ya ce wannan ja-in-ja ta girmi ƙwallo da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin da Kano da Katsina suke yaƙi a kan wanda zai riƙe kasuwancin Sahara. Kirarin garuruwan ma ya isa shaida: ku kuna cewa ko da me ka zo an fi ka, mu ana ce mana kunya gare ku ba dai tsoro ba. Ya ce a ƙuruciyarsa wasan da Katsina ta yi suna a kai shi ne folo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya ɗaukaka, kuma sunan Dikkon ne aka sa wa filin da za mu je, duk da bakin jama'a ya fi sabawa da Karkanda. Ya tuna mini cewa lokacin da rikici ya hana wasa a Maiduguri, a filin nan El-Kanemi Warriors ta yi zaman gudun hijira, Katsinawa suka riƙa cika mata fili kamar tasu. "Mun iya karɓar baƙo," in ji shi, "ku ne dai ba ku zuwa a matsayin baƙi, kullum da kirarin masu gida kuke tafe." Kafin azahar muka leƙa hasumiyar Gobarau, na hau matattakalar ƙasa har sama na hango rufin gidajen birni cikin hazo, muka dawo.

Ƙarfe biyu da rabi muka kama hanyar fili a babur ɗinsa. Na sa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, rigar tana can a jaka. Tikitin ɓangaren talakawa naira 500, aka laluba aljihunmu a ƙofa, aka karɓe wa wani yaro gorar ruwa ta roba mai tauri. Filin, wanda aka buɗe a 2013, ya fi namu na Sani Abacha faɗi da sarari. Namu tsoho ne, ya ga gasar matasa ta duniya a 1999 da kofin Afirka a 2000, kuma a tsakiyar gari yake, 'yan kallo kamar a kan wuyan 'yan wasa suke zaune. A Karkanda akwai tazara tsakaninka da ciyawa, amma da jama'a suka cika, aka saki ganguna da kalangu, tazarar ta ɓace. Masu gyaɗa da rake da awara da zoɓo suna ratsa layuka. Da la'asar ta yi aka shimfiɗa kwalaye da ɗankwalaye a bayan kujeru, aka yi sahu-sahu, wanda na tsaya kusa da shi a sahu yana sanye da rigar Katsina United, kafaɗarsa a jikin tawa.

Mun samu wuri a gefen fili, daidai tsakanin layin tsakiya da ragar da ke hannun dama. Ɗan kawuna yana damana, a haguna wani dattijo mai farin gemu da ƙaramar rediyo a kunne. Da 'yan wasanmu suka fito motsa jiki fili ya ɗauki ihu. Na ga kore da ruwan ɗorawa a kan ciyawa, bakina ya buɗe da kansa zai ce Sai Masu Gida, kirarin Pillars, na haɗiye. Ban san nauyin kalmomin nan uku ba sai ranar da na riƙe su a maƙogwaro na tsawon minti casa'in. Wani a bayanmu ya nuna ɗan wasanmu Rabi'u Ali ya ce, "Wannan tsohon bai gajiya?" Wani ya amsa masa cewa mutumin da ya haura shekara 40 yana taka leda haka, ko ba ka son ƙungiyarsa ka girmama shi. Na ji daɗin wannan, na sunkuyar da kai don kada a gani a fuskata.

Rabin farko an yi shi ne da ƙarfi fiye da dabara. Ƙwallo ta fi zama a sama, ana ta karo, alƙali yana ta busa. Na lura da abin da na saba gani a gida amma ban taɓa kallonsa daga wannan gefen ba. Duk ƙaramin karon da za a iya bai wa kowa, masu gida ake bai wa. In ɗan wasansu ya faɗi, mutum dubbai ne suke miƙewa da murya ɗaya, in namu ya faɗi sai a ce ya tashi ya daina wasan kwaikwayo. Na dubi alƙalin, mutum ɗaya da usur a tsakiyar wannan taro, da mataimakansa biyu da bayansu ke fuskantar 'yan kallo. Ba sai an ba shi ko sisi ba. Ya isa ya tuna cewa bayan an tashi ta ƙofar nan zai fita. A Ƙofar Mata ina cikin masu miƙewa da ihun nan, kuma ban taɓa ɗaukar kaina mai matsa wa kowa ba, a ganina gaskiya nake nema.

Bayan hutun rabin lokaci Pillars ta dawo da kyau, kuma ragar da muke kai wa hari ita ce ta gefenmu. Wajen minti goma sha biyar da dawowa aka zura wa ɗan gabanmu ƙwallo ta tsakanin masu tsaron baya. Ina zaune daidai layin. Na ga lokacin da ƙwallon ta bar ƙafar mai bayarwa, na kuma ga ɗan wasanmu ya riga na ƙarshensu da taku guda cur. Tuta ta tashi tun kafin ya buga. Ya buga, raga ta motsa. Duk da na ga tutar, jikina bai saurare ni ba, na yi rabin miƙewa, hannuna ya tashi. Ɗan kawuna ya danne mini gwiwa da ƙarfi har sai da na ji zafi. Na koma na zauna, zuciyata tana bugawa, ina jiran wanda zai fara magana a bayana.

Dattijon nan ya sauke rediyonsa. Bai kalle ni ba, idonsa yana fili, ya ce a hankali, "Bakano ne kai, halan?" Na ce eh, Baba. Ya sa hannu a aljihu ya ɓallo goro ya miƙo mini rabi. "Zauna da kyau, ɗana. Tun da aka fara na gane, ba ka tafa inda muke tafawa. Ba mai taɓa ka a nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma satar gida ce." Na ce na gani, Baba. Ya gyaɗa kai ya mayar da rediyo kunne.

Saura kamar minti goma sha biyu a tashi suka samu kwana. Aka ɗago ta, wani dogo a cikinsu ya tashi sama da kowa ya sa kai, ta shige. Babu turi, babu hannu, babu abin da zan kama. Siminti ya girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Ɗan kawuna ya manta da ni ya haye kujera, ruwan leda yana ta tashi sama yana fashewa a kan jama'a, ni kaɗai nake zaune a layin da goro a baki. Daga nan sai abin da kowa ya sani: yaran da ke ɗauko ƙwallo suka yi ɓatan dabo, mai tsaron ragarsu ya kwanta riƙe da cinya, canji ya zama tafiyar hawainiya. Na ji haushi ƙwarai, kuma na san ko wane ɗaya daga cikin waɗannan na taɓa tafa masa a Kano. Aka tashi 1 da nema. Motar 'yan wasanmu ta fita tsakanin motocin jami'an tsaro, wasu samari suka bi ta da ihu, na ga manya biyu sun tare su suna kora su baya. Dattijon ya riƙe hannuna har bakin ƙofa, ya ce in gaida mutanen Kano, bai tambayi sunana ba, ni ma ban tambayi nasa ba.

Daren nan na sha tsiya a teburin mai shayi, amma ta 'yan'uwa ce. Inna ta yi dambun shinkafa da zogale, ta ce ko an ci mutum ai ba a hana shi cin abinci. Da muka kwanta ɗan kawuna ya ce, "Wallahi da ka miƙe gaba ɗaya, ban san yadda za mu ƙare ba. Mutum ɗari suna da hankali, ɗaya ne zai fara." Ya daɗe bai yi barci ba, ina jin juyinsa.

Litinin da sassafe na yi sallama da Kawu, aka cika mini jaka da kuka da daddawa da ƙullin fura na mahaifiyata. Komawa ta fi zuwa tsayawa, domin motar da ta fito daga Katsina ana duba ta a shinge bayan shinge saboda shinkafar waje da ke shigowa ta iyakar Nijar. Yawancin fasinjojin 'yan kasuwa ne masu sammakon Kwari da Singa, a ciki akwai Kanawa uku da suka kwana a Katsina don harkarsu, ba wanda ya je fili a cikinsu. Tun kafin Charanci ɗaya ya fito da waya yana nuna wani guntun bidiyo da ke yawo a Facebook, daƙiƙa goma, an ɗauke shi daga bayan raga, ba ka ganin komai sai ƙwallo tana shiga. Suka yi ta rantsuwa cewa fashi aka yi mana da rana tsaka, an sayi alƙali, an saba.

Na daɗe ina jin su. Maganarsu tana yi mini daɗi, domin da ita zan shiga majalisa a tausaya mana, a zagi alƙali, kowa ya huta. Amma na tuna gyaɗa kan dattijon nan. Na ce, "'Yan'uwa, ina filin, daidai layin nake zaune. Satar gida ce." Motar ta yi tsit. Mai wayar ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai wane irin ɗan Pillars ne? Ko dai Bakatsine ne?" Na jawo jakata daga ƙarƙashin kujera, na ɗaga ƙullin kuka da daddawa, na zaro rigar. Wuyanta ya riga ya koɗe saboda wanki. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya mayar da wayarsa aljihu. Can na kusa da shi, wanda ya fi su shekaru, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ko satar gida ce, in a Kano ne ai da an ba mu." Ba wanda ya musa masa, har direban da yake Bakatsine. Muka wuce Tsanyawa da Bichi ba a sake tayar da maganar ba.

A majalisarmu ma ban tsira ba. Wasu sun ce furar Katsina ce ta rufe mini ido, wani ya yi kwana biyu ba ya amsa mini sallama da fara'a. Na ba su labarin mai shayi da na dattijon, waɗanda suka saurara suka saurara.

Ɗan kawuna ya ce zai zo zagaye na biyu. Mahaifiyata ta karɓi waya ta ce masa ya bar rigarsa a Katsina, na ji shi yana amsa mata da to, irin to ɗin da na yi mata. A wasan gida da ya wuce na shiga Sani Abacha da wuri, na bar inda na saba zama a bayan raga wurin masu ganga, na zagaya gefen fili ina duba layuka. Akwai wani dattijo mai sayar da huluna a Kurmi da yake zama a layi na shida tun ina yaro. Na gaishe shi, na ce masa ina da baƙo daga Katsina nan da 'yan makonni. Ya matsa ya nuna mini wurin da ke tsakaninsa da bango, ya ce a nan za mu sa shi.